Fatar Duƙushin Walƙiya

Kullum in rana ta take tsaka, lokacin da ko kaji sun lafe a inuwa, Walƙiya takan bar abincinta ta taka a hankali zuwa gindin mangwaron da ke bayan barga. Ba ta cin ciyawar wurin, ba ta kwanciya. Sai dai ta sunkuyar da kai har hancinta ya kusa taɓa ƙasa, ta tsaya ƙyam, ko ƙuda ba ta kora.

Shekara biyu da rabi ke nan goɗiyar tana wannan tsayuwa, kuma shekara biyu da rabi ke nan Auta tana kallonta ta taga.

Yau ma tana tsaye a tagar kicin da soso a hannu, famfo yana ta zuba a banza.

"Ke Auta, ruwan nan daga sama yake faɗo muku?" in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. Yayar Baba ce, ita ta riƙe gidan tun rasuwar mahaifiyar Auta, kuma bakinta ba ya hutu sai in tana salla. "Kin ƙura wa dabba ido kamar ita za ki aura. Rufe famfon nan ki saurare ni."

Auta ta rufe.

"Ran Asabar manyan Mai Ingarma za su zo. Ubanki ya ce ba zai yi miki dole ba, to ni ma ban ce dole ba. Amma shekara ashirin da takwas fa, Auta! Yaran da kika koya wa karatu sun kusa fara kawo miki katin bikinsu."

"Gwaggo, ai na faɗa miki wanda nake so."

"Mai allurar nan?" Gwaggo ta taɓe baki. "Ki fita batunsa tun muna shaida juna. Ubanki ya ce hannunsa warin mutuwa yake yi. Ni dai ban shaƙa ba, amma mai gida ya faɗa, ya zauna."

Wanda bai san gidan ba zai ce Baba ya cika taurin kai. To, bari a faɗi yadda abin yake. Kiwon doki ba sana'ar Baba ba ce. Babban shagon kayan gini gare shi a bakin kasuwa, dokin sha'awa ce kawai, abin yamma da ranar hutu. Amma sha'awar dokin sukuwa, Allah ya raba bawa da ita, in ta shiga gida ba ta fita hannu rabbana. Ta fita da motar ɗaukar kaya. Ta fita da gona. Ta fita da shagon kansa. Benen da ya fara ɗorawa yana nan ba rufi, ƙarafuna a tsaye suna tsatsa, tantabaru sun mai da shi nasu. Duk wannan Baba bai taɓa cewa kash ba.

Sannan ta fita da Yaya.

Yaya shi ne ɗansa namiji tilo, ɗan siriri mara nauyi, mahayi na gaske. Shekara shida da suka wuce ya hau ɗan farin Walƙiya a babban tseren shekara. Suna gaba, jama'a na ihu, a lanƙwasa ta ƙarshe ƙafar dokin ta karye. Yaya bai ƙara motsi ba daga inda ya faɗi. Dokin kuwa yana ta ƙoƙarin tashi a kan ƙafa uku, yana wani irin kuka da har yau Auta takan ji shi in gida ya yi shiru.

Likita, abokin Yaya tun suna firamare, shi ne likitan dabbobin filin a ranar. Ya yi abin da aikinsa ya ce, ya durƙusa ya yi wa dokin allurar da ta hutar da shi. Baba yana tsaye, an ɗauke ɗansa ta dama, ya waiwaya hagu ya ga hannun Likita a wuyan dokinsa. Tun ranar abu biyun suka haɗe masa wuri ɗaya, an yi an yi a raba masa su an kasa.

Auta ta buɗe baki za ta mai da wa Gwaggo amsa, sai idonta ya kai waje.

Bayan guntuwar katangar da ta raba tsakar gida da barga, wani abu kore yana wucewa a hankali. Kafaɗu kawai take gani. Koriyar riga mai farin ratsi biyu, da ɗinkin baƙin zare a kafaɗar hagu, ɗinkin da ita ta yi da hannunta bayan an dawo da rigar daga asibiti a yage.

Rigar sukuwar Yaya ce, wadda shekara shida ba ta fita daga akwatin Baba ba.

Soson ya faɗi.

"Innalillahi," ta ce can ƙasa. "Gwaggo, wa ke nan?"

Gwaggo ta leƙa, ta yi dariya har da tafi. "Kai, yarinyar nan! Angonki ne mana. Je ki gaishe shi, kar ki tsaya kina zare ido."

* * *

A ɗakin sirdi ta same shi. Ɗakin yana da duhu ko da rana, linzamai rataye a ƙusa, buhunan dusa jingine a bango, warin tsohuwar fata da man shafa sirdi ya cika ko'ina. Turaren Mai Ingarma ya danne su duka.

Dillalin motoci ne, mai jiki da murya, shi ma doki sha'awa ce a wurinsa, sai dai shi aljihunsa yana iya ɗauka. Sunan ya bi shi ne saboda baƙin ingarmansa, wanda masu goɗiya suke layi a kansa. Rigar Yaya ba ta shige shi ba, don haka a kafaɗa ya yafa ta, hannuwanta suna reto a ƙirjinsa.

"Cire," in ji Auta. Ko sallama ba ta yi ba.

"Haba Malama, ba gaisuwa?" Ya yi murmushi. "Baba ne ya yafa mini da hannunsa. Ya ce in taka ya gani. Na je na dawo sau uku, sannan ya matso har yana shaƙar kafaɗata. Tsufa dai, Allah ya sa mu gama lafiya."

"Na ce ka cire."

Ya cire, ya rataye ta a ƙusa a hankali. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙe ta a kan buhu.

"Kin san wannan? Takardar asalin Magaji ce. Baba yana son duniya ta san ɗan Walƙiya ne da ingarmana, a rubuce, da hatimi. Mai uban doki shi yake sa hannu. Ni ke nan." Ya ɗago ya dube ta. "Sai dai akwai wani mai amalanke da yake kawo mini ciyawa. Rannan muka biyo ta nan, ya hango Magaji, ya tsaya yana salati. Wai ya san tsagar kunnen nan, waya ce ta yanke shi ranar da aka haife shi. Wai uwarsa a bakin titi ta mutu da kaya a bayanta, wani likita ya karɓi marayan."

Auta ta ja da baya. Ta zauna a kan buhun dusa.

Abin da ya faru ke nan, kuma mutum biyu kaɗai suka sani. Bayan rasuwar Yaya, Baba ya ɗora ransa kacokan a kan Walƙiya ta sake haifo masa wani. Shekarar farko ba ta ɗauka ba. Ta biyu ta yi ɓari. Ta uku ta ɗauka daga baƙin ingarman, Baba ya yi wata goma sha ɗaya yana shafa cikinta yana yi mata hira. Ana saura kwana biyu ta haihu ya yanke jiki ya faɗi a bakin barga. Aka kwantar da shi asibiti, Gwaggo ta tare a can, likitocin suka ja kunne cewa kar a kuskura a kawo masa labarin da zai tayar masa da hankali. Shi kuwa in ya buɗe ido kalma biyu ce a bakinsa: "Ta haihu?"

Ta haihu da hantsi. Duƙushi namiji, baƙi, kyakkyawa. Bai taɓa miƙewa ba. Ba a jima ba ya mutu a cinyar Auta.

Ba ta da wanda za ta kira sai Likita. Ya zo, ya duba, ya fita, ya dawo da wani baƙin duƙushi maraya a bayan motarsa, yunwa ta kusa gamawa da shi. Walƙiya ta kai masa harbi, ta kai masa cizo. Sai Likita ya ce akwai dabarar da masu kiwo suke yi, amma Auta ta juya baya. Ba ta juya ba. A gabanta ya feɗe mataccen, ya yafa wa marayan fatar tun daga wuya har wutsiya, ya ɗaure da igiya a ƙarƙashin ciki. Suka tura shi barga yana tangaɗi cikin fatar wani.

Walƙiya ta shaƙa. Ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta gyara tsayuwa ta bar shi ya kama nono.

Sauran suka binne a gindin mangwaro, rana tsaka, goɗiyar tana kallonsu ta saman ƙyaure. Kwana uku aka cire fatar aka binne ta a wuri ɗaya. Da la'asar ɗin ranar farko Auta ta je asibiti, Baba ya buɗe ido ya yi tambayarsa, ta ce, "Ta haihu, Baba. Namiji." Ya yi kuka, ya raɗa masa suna Magaji, washegari ya fara cin abinci. Ta ce in ya samu sauƙi za ta faɗa masa. Sati ya zama wata, wata ya zama shekara. Ga shi yanzu ɗan goɗiyar amalanke yana gudun da masu agogo suke sake duba agogonsu.

"Ni ba mugu ba ne, Malama," in ji Mai Ingarma, yana naɗe takardar. "Suruki yakan rufa wa gidan surukansa asiri. Bare kuwa, me zai sa ya sa hannu a kan ƙarya? In Baba ya tambaye ni dalili, kin ga dole in faɗa. Kuma kin fi ni sanin zuciyarsa."

"Kai yanzu ba ka ji kunya ba?"

"Kunya?" Ya gyara hula. "Ba ni na feɗe ba."

* * *

Asibitin dabbobin Likita ɗaki biyu ne a bayan wani kantin magani. Ta same shi yana naɗe wa wata mage ƙafa. Yana ganin fuskarta ya mai da magen keji, ya wanke hannu, ya jawo mata kujera.

Siriri ne, tsayinsu ɗaya da Yaya, har musayar riguna suke yi suna samari. Yaya yakan tsokane shi da likitan doki mai tsoron sirdi, don tun da wani doki ya kayar da shi yana yaro bai ƙara ɗora ƙafa a likkafa ba.

Ta faɗa masa komai, hawaye yana bin haɓarta.

"Shi ke nan," ya ce. "Yau zan je in durƙusa a gaban Baba in faɗa masa da bakina. Ni na kawo dabarar, ni zan ɗauka."

"Kai ka kawo dabara, ni na kai ƙarya asibiti. Kuma da wace fuska za ka je? Na farko a gabansa ka kashe, na biyu a bayansa ka feɗe. So kake ka cike na uku da shi?"

Ya runtse ido kamar ta mare shi. Nan take ta yi da-na-sani.

"Yi haƙuri. Wallahi ban san abin da nake faɗa ba."

"Gaskiya kika faɗa." Ya zauna a gabanta. "Auta, shekara huɗu ina bin bayan katangarku kamar ɓarawo. An kawo mini 'ya'yan mutane na ce a'a, har mahaifiyata ta daina yi mini maganar. Ban gaji ba, kuma ba zan gaji ba. Amma kar ki ce mini za ki auri mutumin nan."

"In ban aure shi ba Baba ya mutu."

"In kin aure shi fa? Takardar tana aljihunsa har abada. Ranar da kika ɓata masa rai ya zaro ta. Ke ki mutu a tsaye, Baba kuma ya ji daga baya."

"To ya zan yi?" Ta kifa kai a kan teburin ƙarfen, kuka ya ƙwace mata. "Ya zan yi? Ina son ka, Allah ya sani, ko a mafarki ban taɓa ganin kaina a ɗakin wani ba. Amma Baba kaɗai ya rage mini. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin barga ya ce, 'Auta, dubi ƙirjin Magaji, sak na wansa.' Ni kuma in ce e, Baba. Na gaji da cewa e, na gaji!"

Ya bar ta ta yi mai isarta. Karnukan da ke cikin keji, waɗanda suke ta haushi da ta shigo, duk sun yi tsit.

Can ta ɗago. "Faɗa mini tsakaninka da Allah. Walƙiya ta yarda da gaske?"

"A karatunmu, kwana uku ya isa. In an cire fatar ta riga ta saba da warinsa, ta manta."

"To me take nema a gindin mangwaro?"

Likita ya sunkuyar da kai. Ya dubi hannuwansa.

"Ban sani ba," ya ce. "Ba a koya mana wannan ba."

Ta share fuska da bakin mayafi ta miƙe. "Ni zan faɗa masa. Gara ya ji daga bakin 'yarsa da ya ji daga bakin dillali. In ya yafe, ya yafe. In kuma..." Ta ɗauki jakarta.

"Zan kira ki kafin magariba," ya ce. "Ko me ya faru, ki ɗauka."

* * *

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta tura ƙofar gida. Ba motsin kowa. Rediyon Gwaggo a kashe, tantabarun bene sun jeru a kan ƙarafuna ba mai kuka.

Ta zagaya bayan barga, sai ta tsaya cak.

Walƙiya tana nan a gindin mangwaro. Ba ta taɓa kaiwa wannan lokaci ba. Kanta a sunkuye, inuwarta ta yi tsawo har jikin katanga. A gefenta Baba yana zaune a kujerar roba, hannunsa na hagu da ciwon ya taɓa yana kwance a cinya, ƙarƙashinsa koriyar rigar a ninke. Can nesa Magaji yana tsaye shi kaɗai yana kaɗa wutsiya.

Auta ta durƙusa a gabansa. Sai da gwiwarta ta taɓa ƙasa ta lura a kan me ta durƙusa, ta yi saurin matsawa.

"Baba, akwai maganar da na daɗe..."

"Kun yi masa rami mai zurfi?"

Bai dube ta ba. Goɗiyar yake kallo.

"Na'am?"

"Ramin. Kullum ina tunanin ko karnuka za su tone. Na so in ƙara ƙasa, hannun nan ya ƙi."

Duniya ta juya wa Auta. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun satin da na dawo." Ya yi ɗan murmushin da rabin bakinsa kawai yake motsawa. "Shekara talatin ina kallon ƙafar doki, Auta. Ni za a nuna wa kofaton 'yan amalanke a ce jinin Walƙiya ne? Ban dai san inda kuka kai nawa ba, sai ita ta nuna mini. Yadda kuka yi ta karɓe shi kuwa, ba sai an faɗa wa mai kiwo ba."

"Ka yafe mini, Baba. Don Allah ka yafe mini. Tsoro na ji kar ka tafi ka bar ni."

"Na yi fushi. Har na yi niyyar sa a fitar mini da shi daga gida. Sai na zauna ina kallonta." Ya miƙa hannun dama ya shafa gezar goɗiyar. "Kuna cewa kun ruɗe ta ko? Ba ku ruɗe ta ba. Ta sani sarai. Da rana ta zo nan ta gai da nata, da yamma ta koma ta lashi wancan. Warin kawai take bukata ta samu abin kamawa. Na ce ashe dabba ta fi ni dabarar zaman duniya."

Auta tana kuka, amma wani nauyi da ta shekara biyu da rabi tana ɗauke da shi yana sauka daga ƙirjinta. Yana da rai. Ya sani, kuma ga shi zaune yana magana.

"Mai Ingarma ya ce zai faɗa maka in ban..."

"Ya jiƙa takardarsa ya sha. Babban tsere ba a tambayar uban doki, ƙafa ake tambaya." Baba ya shafa rigar da ke cinyarsa. "Dama gwada shi na yi. Na yafa masa, na sa ya taka, na matsa na shaƙa. Turare kawai na ji. Rigar ba ta kama shi ba."

Auta ta ɗago a hankali.

"Amma wancan," Baba ya ci gaba, "mai allurar. Tsayinsu ɗaya. Kafaɗarsu ɗaya. Rannan na hango shi ta bayan katanga yana jiranki, ya juya baya, sai da na dafa bango." Ya dube ta a karon farko. Idanunsa a bushe suke, suna wani irin haske. "Kina son sa?"

"Ina son sa, Baba."

"To ya turo manyansa ran Asabar. Na ba shi."

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta kama ƙafarsa tana godiya, tana dariya, tana kuka, duk a haɗe. Shekara huɗu tana roƙon Allah wannan kalma, yau ga ta ta faɗo mata a hannu ba ja-in-ja.

Sai ta ji an ɗora mata wani abu mai laushi a tafin hannu.

"Ki kai masa wannan. Saura sati shida tsere. Shi zai hau Magaji."

Ta daina dariya.

"Baba, ai bai iya hawa ba. Tsoron sirdi yake yi, kowa ya sani. Akwai mahaya, ko nawa kake so za su zo."

"Magaji ma ba a haife shi ɗan Walƙiya ba, ya koya."

"Filin nan ne fa, Baba! Lanƙwasar nan ce! Mahayi kamar Yaya ma..."

"Shi ya sa." Muryarsa ba faɗa a cikinta, a hankali yake magana, yadda yake yi wa doki mai firgita. "Shekara shida, Auta, ina rufe ido ina ganin rigar nan ta shiga lanƙwasa, ba ta fitowa. Kwana uku fata take yi a jikin maraya, ko ba haka ba? Ni ban nemi kwana uku ba. Zagaye ɗaya na nema. In ga ta fito ta kai layi. Ba sai ya ci ba."

"In ya ce ba zai iya ba fa?"

"To ba ta kama shi ba ke nan. Sai ki dawo mini da ita, ku haƙura da juna." Ya jingina da kujera. "Ban zalunce shi ba. Shi ya kawo dabarar gidan nan."

Auta ta dubi rigar. Ga ɗinkinta na baƙin zare. Ga wani tabo a wuya da wanki bai taɓa fitarwa ba. Ta san Likita. Da ma zai ƙi, da ta samu abin yin kuka a kai ta huta. Ba zai ƙi ba. Zai karɓa da hannu biyu, ya ɓoye tsoronsa, ya ce ba komai.

Walƙiya ta ɗaga kai. Ta tako a hankali har gaban Auta, ta sa hanci a cikin rigar, ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta yi wata 'yar ƙaramar haniniya can cikin maƙogwaro, irin wadda Auta ta taɓa ji sau ɗaya, ranar da aka tura maraya cikin barga.

Wayar da ke cikin jakarta ta fara ƙara. Ta zaro ta, ta ɗauka.

"Auta? Kina lafiya? Baba fa?" Muryar Likita ce, a firgice.

"Lafiyarsa ƙalau. Dama ya sani." Ta rungume rigar. "Ya ce ka turo ran Asabar."

Ta ji ya yi kabbara, ta ji wani abu ya faɗi a ɗakin ya fashe, karnuka suka ɗauki haushi. Yana dariya yana kiran sunanta. Can ya tsaya.

"To me ya sa muryarki haka? Auta, me ya faru?"

Ta buɗe baki. Rigar tana ƙirjinta, numfashin goɗiyar yana ɗumama mata yatsu. Kafin ta samo kalmar farko, Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kujerarsa da hannu ɗaya, ya nufi gida. Da ya zo daidai kanta ya tsaya, fuskarsa a sake, yadda rabonta da ganinta haka shekara shida.

"Ki ce wa Yayanki ya zo da wuri gobe," ya ce, "kafin rana ta yi zafi."